Inda araha ta yi ado: sharhi a kan wani gidan cin kifi a bayan tashar masunta

Babu abincin da arahar sa take ba ni tsoro kamar kifin teku, domin hatsi yakan jure sakacin watanni, nama ya jure na yini guda, amma kifi daga lokacin da ya bar ruwa sa'o'i kawai yake ƙirgawa. Saboda haka, lokacin da aiki ya kai ni wani birni na bakin teku na tsawon mako biyu, abokin aikina da ke zaune a can ya ce zai kai ni inda ake cin kifi mai kyau a kan kusan rabin abin da ake biya a gidajen da suka yi jere a titin gaɓa, ban yi saurin murna ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne maganar nan ta cewa araha ba ta ado, sannan na tambayi kaina daga ina aka zabge wannan rabin: daga kuɗin haya da fitilu da kwalliyar bango ne, ko kuwa daga ƙanƙara da yawan kwanakin da kifin ya yi a ajiye? Na je gidan sau uku, biyu da rana ɗaya da dare, na biya kuɗina kamar kowa, kuma babu wanda ya san cewa zan rubuta wani abu a kansa.

Gidan ba ya kallon teku. Yana layi na uku daga gaɓa, a bayan tashar da ƙananan jiragen masunta suke sauke kamunsu, tsakanin wani shago na igiya da koma da wani ɗakin yin ƙanƙara wanda injinsa ba ya daina gurnani dare da rana. Mutanen unguwar ma ba sa kiran sa da sunan da ke rubuce a allonsa, sai dai su ce gidan bayan tasha. Teburansa ba su wuce goma sha biyar ba, an shimfiɗa musu takarda maimakon ƙyalle, kujerun kuma irin waɗanda ake ɗora wata bisa wata ne idan an tashi. Wanda ya zo neman wurin ɗaukar hoto da faɗuwar rana a bayansa ya yi ɓatan kai. Ni kuwa maƙwabtaka da ɗakin ƙanƙarar nan ce ta fara kwantar mini da hankali, tun kafin in ga kifi ko ɗaya.

Da shigar mutum, kafin ya kai ga tebur, zai ci karo da wata doguwar kanta ta ƙarfe mai ɗan gangara, cike da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, kifaye a binne cikinta har wuya, ruwan da ke narkewa kuma yana bin wani siririn bututu zuwa magudana. Gangarar nan ba don ado aka yi ta ba, domin kifin da ya kwanta cikin ruwan narkewa yana jiƙewa, namansa ya saki, ƙazantar wani ta wanke wani. Ƙanƙara mai narkewa tana riƙe kifi a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, kuma masana harkar adana kifi sun daɗe da nuna cewa a digiri 5 saurin lalacewarsa yana ninkawa fiye da sau biyu, a digiri 10 kuwa sau huɗu. Ma'anar wannan ita ce, kifin da aka jefa cikin firji na gida ba tare da ƙanƙara ba yana tsufa da ninkin saurin wanda ke kwance a irin wannan kanta, ko da mai shi ya rantse cewa bai taɓa barin sanyi ba. A cikin minti goma da na yi a tsaye, sau biyu wani yaro ya zo da bokiti ya ƙara zuba ƙanƙara a wuraren da ta fara ja da baya.

A bayan kantar akwai wani dattijo da ya ɗaura leda mai kauri a gabansa, hannayensa duk tabon ƙaya da wuƙa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wanne ne na yau?"

Ya ce, "Duk na yau ne, yallaɓai, ban da waɗancan biyun na gefe. Su na jiya da yamma ne, shi ya sa na rage musu kuɗi. Ba abin da suka yi, amma in dai gashi kake so, ɗauki na nan."

Bai jira na nemi hujja ba, sai ya zaro wani farin kifi mai faɗin jiki daga ƙanƙara, ya ɗaga marfin kumatunsa da babban yatsa ya nuna mini naman da ke ƙarƙashi, ja wur, mai danshi, babu yauƙi mai kauri a kansa. Ya juya shi ya nuna mini idon, wanda yake a kumbure, baƙin tsakiyarsa yana sheƙi, bai lotsa ba, bai yi hazo ba. Sannan ya ce in danna gefensa da yatsa. Na danna, naman ya dawo daidai nan take, bai bar rami ba. Da ya ɗauko ɗaya daga cikin na jiyan ya jera su tare, sai bambancin ya fito ko ga wanda bai san kifi ba: jan ƙarƙashin kumatun ya fara dusashewa, idon ya ɗan kwanta. Gani ya kori ji, kuma mai sayarwa da zai jera maka kayansa na jiya kusa da na yau don ka gwada ba shi da abin da yake tsoro.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne abin da hancina bai ji ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙarni shi ne warin kifi na asali, alhali kifin teku da ya fito yanzu ba ya ƙarni, ƙamshin ruwan gishiri da ciyawar teku kawai yake yi. A tsokar kifin teku akwai wani sinadari da ke taimaka masa zama cikin ruwan gishiri, kuma bayan ya mutu ƙwayoyin bakteriya suna juya wannan sinadari zuwa wani da ake kira tiraimetilamin, wanda shi ne ƙarnin da ke dukan hanci. Gwargwadon daɗewar kifi, gwargwadon yawansa. Tsamin lemun tsami yana ɗaure shi ya hana shi tashi, shi ya sa lemun tsami yake tafiya da kifi a kusan kowace ƙasa, shi ya sa kuma nake zargin duk gidan da ke lulluɓe kifi da tsami da yaji tun kafin ka gan shi ɗanye. A nan, yankan lemun a gefen faranti yake zuwa, ka matsa idan ka so, ka bari idan ka so.

Babban kifi a kilo ake sayar da shi, kuma a nan ne yawancin baƙi suke shan mamaki a biranen bakin teku. Na taɓa zama a wani gida na titin gaɓa, a wata tafiyar dabam, inda kuɗin da aka rubuta gaban sunan kifi ashe na giram 100 ne, da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, ban kuwa gane ba sai da takardar lissafi ta zo da ninkin abin da na yi tsammani har sau takwas. A gidan bayan tasha fuskar sikelin tana kallon mai saye. Dattijon ya ɗora kifin, ya bari allurar ta tsaya a kilo 1 da giram 200, ya rubuta nauyin da jimlar kuɗin a ɗan yankin takarda, ya ba ni rabi ya maƙala rabi a wutsiyar kifin, sannan ya tura shi madafa. Ya kamata mai zuwa ya sani cewa nauyin da ake aunawa ya haɗa da kai da hanji da ƙaya da ɓamɓaroki, kuma tsokar da za ta kai ga baki a irin wannan kifi ba ta cika kai rabin nauyin ba. Wannan ba zamba ba ce, halittar kifin ce haka. Kilo ɗaya da ɗoriya ya ishi mutum biyu idan akwai abin haɗawa, bai ishi uku ba.

Gasasshen kifin nan shi ne dalilin da ya sa na koma sau biyu. Daga teburinmu ana hango murhun, kuma na lura cewa mai gashin ba ya ɗora komai sai gawayin ya ci ya zama garwashi mai farar toka a sama, babu harshen wuta. Ya tsaga kifin tsaga uku a kowane gefe, a wurin da ya fi kauri, ya shafa masa mai, ya watsa gishiri mai tsakuwa, ya kwantar da shi, bai kuma sake taɓa shi ba sai da fatar ta saki ƙarfen da kanta. Sau ɗaya tak ya juya shi. Wannan haƙuri shi ne rabin sana'ar, domin wanda ke yawan juya kifi yakan bar fatar a manne da ƙarfe ya kawo maka tsoka tsirara, busasshiya. Akwai ƙa'idar da masu girki suka daɗe suna bi, wato kimanin minti 10 ga kowane santimita 2 da rabi na kaurin kifi, hukumomin kula da lafiyar abinci kuma suna cewa tsakiyarsa ya kai digiri 63. Mai gashin nan ba shi da agogo a gabansa balle ma'aunin zafi. Bakin wuƙa yake sokawa kusa da ƙashin baya ya ɗan leƙa, shi ke nan.

Da farantin ya iso, fatar ta yi kumburi nan da can, ta yi baƙi-baƙi a bakin tsagogin, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokali. Tsokar fara ce sol, tana rabuwa falle-falle, kuma da na ɗaga ta daga ƙashin baya ta taso gaba ɗaya ba tare da ta bar jini ko ta farfashe ba, wani ɗan ruwa mai maiƙo yana taruwa a gindin farantin. Gishiri ya shiga daidai, ƙamshin hayaƙi ya tsaya a fata bai mamaye naman ba, kuma can ƙarƙashi akwai wani ɗan zaƙi wanda sabon kifi kaɗai ke da shi, wanda kwana biyu a ajiye suke gusar da shi ko da kifin bai lalace ba. Ma'aikaciyar da ke kula da mu ta tambaya ko ta cire mana ƙayar, abokina ya ce ta bari, ya kuwa kyauta, domin mafi daɗin kifin yana wuraren da wuƙar mai sauri ba ta kaiwa: 'yar tsokar kumatu da ba ta fi girman babban yatsa ba, da naman wuya da ke bayan kai, mai kitse da laushi. Mun daɗe a kan wannan kai muna tsince shi da hannu, har sai da babu abin da ya rage sai ƙashi da idanu, idanun ma abokina ya ce a bar masa.

Mafi arahar abin da ke allon shi ne sadin, kuma da za a tilasta mini in zaɓi faranti ɗaya a gidan, zan yi jinkiri tsakaninsa da babban kifin. Wanda ya san sadin a gwangwani kaɗai bai san shi ba. Shida aka kawo, gasassu da kansu da komai, fatarsu tana walƙiya, kitsensu yana tsatsafowa a kan yankan burodin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsu don ya tsotse. Sadin yana da araha ne saboda yana yawo garke-garke kusa da gaɓa, koma ɗaya tana kwaso da yawa, kuma ba ya jure tafiya mai nisa, sai dai a ci shi kusa da inda aka kama shi ko a sa shi a gwangwani. Ta fuskar lafiya kuwa ya fi wasu masu tsada, domin yana cike da kitsen nan na omega-3, kuma da yake ƙarami ne mai gajeren rai wanda ƙananan halittun ruwa ne abincinsa, ba ya tara sinadarin makuri mai guba a jikinsa kamar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su shak da kifi mai takobi.

Romon kifin ma ya cancanci yabo, kuma shi ne ya fara nuna mini inda arahar gidan take fitowa. Da kawuna da ƙasusuwan kifayen da aka yanka wa masu son tsoka zalla ake yin sa, da albasa da tafarnuwa da tumatir kaɗan, a ɗan tafasa shi kamar rabin sa'a a sauke, domin ƙashin kifi ba ya son daɗewa a wuta kamar na dabba. Abin da wani gida zai zubar, a nan ya zama kwanon da ake buɗe ciki da shi. Kalamari kuma, wannan halitta mai laushin jiki da dogayen hannuwa, an yanka shi zobe-zobe, an barbaɗa masa gari kaɗan, an tsoma shi a mai mai zafi aka tsamo da wuri. Shi dai ba ya da tsakiya: ko minti ɗaya zuwa biyu, ko fiye da rabin sa'a a wuta mai sanyi, duk abin da ya faɗa tsakani roba ce. Sun iya shi.

Jatan lande ne ya ba ni kunya a zuwana na farko. An bar shi ya wuce lokacinsa a wuta, kuma ba sai an ɗanɗana ake gane haka ba: wanda ya dahu daidai yakan lanƙwashe kamar lauje, wanda ya wuce kuwa sai ya naɗe kamar gammo, kai ya haɗu da wutsiya. Namu gammo ne, mai tauri, kuma ɗanɗanonsa na tafarnuwa da mai ne kawai. Na tambayi ma'aikaciyar ko daga tashar nan aka kawo shi, ta ce a'a, ba ta ɓoye ba, daskararre ne da ake sayowa a kwali, domin jiragen wannan tasha ba safai suke kama shi ba, amma baƙi ba sa yarda da gidan kifi da babu jatan lande a allonsa. Ban ga laifin daskarewar ba. Yawancin jatan landen da ke yawo a kasuwar duniya na kiwo ne, daga ƙasashe irin su Ekwado da Indiya da Biyetnam da Indonesiya, kuma wanda aka daskarar da shi sa'o'i kaɗan bayan kamu ya fi wanda ya kwana uku a kanta ana kiran sa sabo. Kiwon ma ba sabon abu ba ne da za a yi wa kallon raini: rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 dabbobin ruwa na kiwo sun kai tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100 na jimlar abin da aka samar, karo na farko ke nan da kiwo ya zarce kamu. Laifin da na gani shi ne na wuta, da kuma cewa shi ne faranti mafi tsada idan aka gwada da abin da ke cikinsa. A zuwa na biyu ya fi kyau, amma har yanzu ba shi ne abin da zan tura mutum ya je ya ci a can ba.

Jerin abincin gidan a allo yake, da alli, kuma bai taɓa wuce abu tara ko goma ba a duk zuwana. Babu kifin salmon, wanda a yawancin biranen duniya daga gonakin ruwa na Norwe ko Chile ake ɗauko shi, sau da yawa a jirgin sama, mai ci kuma shi ke biyan kuɗin jirgin. Babu shafuka na miya iri-iri da za su buƙaci kuku uku da firiza cike da abubuwan da ke jiran ranar da wani zai tambaye su. Gajeren allo yana nufin abin da aka sayo da asuba zai ƙare kafin dare, asara ta ragu, kuɗin da ba a yi asararsa ba kuma ba sai an ɗora wa mai ci ba. Idan aka haɗa wannan da hayar layi na uku, da takardar da ke maimakon ƙyalle, da rashin dillali tsakanin jirgi da kanta, lissafin rabin kuɗin nan yana fita ba tare da an taɓa ƙanƙara ba.

Sayar da kifi ɗungurungum yana da wata fa'ida da ban yi tunaninta ba sai daga baya. Farar tsoka da aka fere aka cire mata fata, ko gwani ba ya iya rantsuwa a kan sunanta, kuma an daɗe ana cin amanar masu saye ta wannan ƙofa. A 2013 ƙungiyar Oceana mai rajin kare teku ta wallafa binciken da ta yi a jihohi 21 na Amurka, inda ta gwada ƙwayoyin halittar samfura 1,215 da ta sayo a shaguna da gidajen abinci, ta tarar kashi 33 cikin 100 ba su ne kifin da aka rubuta ba. Kifin da ke da kansa da fatarsa da wutsiyarsa kuwa shi ne shaidar kansa, ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Zuwana na uku ya faɗo a ranar da aka kwana biyu ana iska, yawancin jiragen ba su fita ba. Allon ya koma abu biyar, kantar kuma rabinta ƙanƙara ce zalla. Na nuna wasu kifayen makarel guda huɗu da ke cikin wani kwano a ƙasan kanta, sai dattijon ya girgiza kai ya ce ba na sayarwa ba ne, wani ɗan jirgi ne ya kawo su ba ƙanƙara bayan sun daɗe a rana, zai mayar masa su zama abin ɗana ƙugiya. A ido ba su da aibi, kuma a rana irin wannan da kaya suka yi ƙaranci, wani zai gasa su ya sayar ba tare da ya ji komai ba. Amma makarel da tuna da sadin da danginsu suna da wani hatsari na musamman: idan suka sha zafi bayan kamu, bakteriya na samar da wani sinadari mai cutarwa da ake kira histamin a tsokarsu, kuma wuta ba ta kashe shi, gashi ne ko suya ko dafuwa. Wanda ya ci yakan ji yaji-yaji a baki, fuska ta yi ja, kai ya sara, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Mun ci romo da wani ɗan jan kifi soyayye a ranar, abincin bai kai na sauran ranakun ba, amma a ranar ce na fi yarda da gidan.

Da dare kuwa labarin ya sha bamban, kuma a nan ne aibobinsa suke taruwa. Ba a kama tebur tun da wuri, sai dai mutum ya zo ya tsaya, mun kuwa tsaya fiye da rabin sa'a a bakin ƙofa muna shaƙar hayaƙi, wanda ya bi rigata har masauki. Ma'aikata biyu ne ke hidimar tebura goma sha biyar, don haka ruwan sha da muka nema bai iso ba sai da muka tuna musu sau biyu, abincin abokina kuma ya riga nawa da tazarar da ta sa ya gama kafin in fara. Ɗakin ba shi da labule ko wani abu mai shanye sauti, hayaniya tana dukan bango ta dawo, mai son zance a natse ba zai ji daɗi ba. Abubuwan haɗawa ba a ba su kulawar da ake ba kifi: dankalin ya yi laushi ya sha mai, ganyen da aka yanka ya kwanta tun kafin ya iso. Makewayi ɗaya ne ga kowa, yana da tsabta da rana, da dare kuwa sabulu ya ƙare ba wanda ya lura, alhali wannan gida ne da ake ci da hannu. A takardar lissafin daren an sa mana farantin kalamari biyu maimakon ɗaya. Da na nuna, an gyara nan take tare da ba da haƙuri, kuma na fi ɗaukar sa a matsayin ruɗewar cunkoso, amma ya isa ya sa mutum ya karanta takardarsa layi-layi.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata wasu su yi kafin su zauna. Kaskon suya ɗaya ne, kuma man da aka soya jatan lande a ciki shi ake soya kifi da dankali, saboda haka wanda jatan lande ko ƙaguwa ke tayar masa da borin jini ko toshe masa numfashi ya tsaya a kan gashi, ya kuma faɗa tun a kanta domin a ware masa gefen murhu. Na ga an yi wa wata mata haka ba tare da an ɓata rai ba. Wanda kuma ba ya son giya ta taɓa abincinsa ya tambaya game da duk abin da ya zo cikin miya, domin a gidajen kifi da yawa ana zuba ta a tukunyar dabbobin teku masu ɓawo biyu, wani lokaci har a ƙullin da ake tsoma kifi kafin suya. Da na tambaya, ma'aikaciyar ba ta amsa da ka ba, ta shiga madafa ta tambayi kuku, ta dawo ta nuna mini abu ɗaya a allon da ake sa wa, sauran kuwa babu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da rana, jim kaɗan bayan an buɗe, sa'ad da kantar take cike, garwashin yake sabo, ma'aikatan kuma ba su gaji ba. Mutum biyu su raba babban kifi ɗaya, su ƙara da farantin sadin da kwanon romo, su ƙyale jatan lande da dankali, su nemi ƙarin burodi don abin da zai taru a gindin faranti. A ranar iskar nan, muna cikin wanke hannu wajen ƙarfe biyu, yaron ƙanƙara ya hau kujera da tsumma ya goge sunan jan kifin daga allo, domin namu ne na ƙarshe. Wasu mutum huɗu da suka shigo a lokacin suka tsaya suna karanta abin da ya rage, dattijon ya ce musu romo ne kawai da kalamari, in kuwa kifi suke so su dawo gobe bayan ƙarfe goma sha ɗaya, idan iska ta kwanta.